Doguwar Tafiya a Ƙasashen Waje da Kuɗi Kaɗan: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan amsoshi na wanda yake shirin yin wata uku, wata shida ko shekara yana yawo daga ƙasa zuwa ƙasa da guzurin da ya tara ne. Hutun mako biyu lissafinsa daban. Farashi yana canjawa, dokokin biza ma haka, don haka kowane adadi da ke nan a sake duba shi a shafin hukumar ƙasar da za a je kafin a biya komai.

Nawa mutum yake kashewa a rana?

Ya danganta da yankin duniya, fiye da yadda ya danganta da tsimin mutum. Wanda yake kwana a ɗakin haɗaka, yana cin abincin da 'yan gari suke ci, yana hawa motar haya, zai iya ƙiyasta dala 30 zuwa 40 a rana a Biyetnam, Kambodiya, Nepal, Indiya ko Bolibiya. A Meksiko, Turkiyya da gabashin Turai sai ya ɗaga zuwa 45 ko 60. A Faransa, Ingila, Japan da Ostareliya, dala 80 zuwa 100 ma sai da dabara, Suwizalan da Nowe kuwa sun wuce nan. Ƙiyasi ne na tsara kasafi, ba alkawari ba.

Abin lura shi ne wata ɗaya a yammacin Turai yana cinye kuɗin wata uku a kudu maso gabashin Asiya. Wanda kuɗinsa bai da yawa, zaɓen ƙasa shi ne babban tsiminsa. Ƙin shan shayi a Paris ba zai cike wannan giɓi ba.

To idan na ninka kuɗin rana da yawan kwanaki, na gama lissafi ke nan?

A'a, kuma a nan yawancin kasafi yake rushewa. Kuɗin rana na kwana ne da ci da zirga-zirgar cikin gari. Akwai manyan kuɗaɗe da suke zuwa dunƙule: tikitin jirgi, inshora, biza, alluran rigakafi, jaka da takalmi. Ga misali da adadin da aka ɗauka don a ga yadda lissafin yake tafiya. Kwana 180 a kan dala 35 ya kama 6,300. Jirgi zuwa da dawowa da ƙananan jirage biyu a tsakani, 1,200. Inshora 400, biza 300, kaya da allurai 400. An kai 8,600. A ɗora kashi 15 cikin ɗari na abin da ba a zata ba, kamar wayar da ta faɗa ruwa ko haƙorin da ya tashi cikin dare, sai ga shi an doshi dala 10,000. Fiye da kashi ɗaya bisa uku na kuɗin bai taɓa bayyana a lissafin rana ba.

Sai kuɗin shiga wuraren da saboda su aka yi tafiyar. Tikitin kwana ɗaya na Angkor a Kambodiya dala 37 ne, wato kuɗin rana sukutum. Petra a Jodan dinari 50 ne ga wanda ya kwana a ƙasar. Tsibirin Bali na Indonesiya ya fara karɓar rupiya 150,000 daga kowane baƙo a 2024. Waɗannan a rubuta su a layinsu daban. Babu ma'ana mutum ya je har bakin ƙofa ya juya don kasafin ranar bai kai ba.

Mene ne ya fi cinye kuɗi ba tare da an lura ba?

Yawan tashi. Duk ranar da aka sauya gari akwai kuɗin mota, kuɗin zuwa tasha da barinta, abincin tasha mai tsada, da kwanan farko a unguwar da ba a san inda araha take ba. Wanda yake tashi duk bayan kwana biyu zai yi tafiya 15 a wata. Idan kowace ta ci dala 15, an kashe 225. Wanda yake zama mako guda zai yi huɗu, dala 60. Bambancin ya isa kuɗin ɗaki na kwanaki masu yawa.

Zama yana kawo wani rangwamen kuma. Masu gidajen baƙi sukan rage kuɗi idan za a yi mako, a Airbnb, shafin hayar gidaje da ɗakuna, masu gida da yawa suna sa rangwamen wata daga kwana 28. A kwana na huɗu mutum ya san kasuwa, ya san motar da 'yan gari suke hawa, ya san kuɗinta na gaskiya, ya sayi man girki da gishiri da za su kai shi ƙarshen mako. Sauri ya haifi nawa, a doguwar tafiya kuwa har da talauci yake haifarwa. Ƙasa huɗu cikin wata shida ta fi ƙasa goma sha biyu araha, kuma an fi ganinta.

Yaya maganar biza take?

Fasfon da ke hannunka shi ne yake yanke rabin tsarin tafiyar, kuma mafi yawan shawarwarin da ke intanet masu fasfon Turai ko Amurka ne suka rubuta su. Su suna sauka a buga musu hatimi su wuce. Mai fasfon da ƙasashe da yawa suke nema wa biza, dole ya fara da jerin ƙasashen da za su karɓe shi ba biza, ko masu ba da ita a filin jirgi ko ta intanet, sannan ya zana hanya a kansu. Wanda ya fara zana hanya kafin ya duba biza, sai ya goge.

Matsalar da ta fi kama masu doguwar tafiya ita ce ofisoshin jakadanci da yawa ba sa karɓar takardar neman biza sai a ƙasar da mutum yake zaune bisa doka. Bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, haka take: a ƙa'ida a gida ake nemanta, ba a nema fiye da wata shida kafin tafiya, kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, kuma ba a mayar da shi idan an hana. Ana neman inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da shaidar masauki da ta kuɗi a banki. Saboda haka wanda yake son Turai ta shiga tafiyarsa, ya sa ta a farko, kada ya bari sai yana Bankok a wata na bakwai.

Sai dokar kwana 90 cikin 180, wadda ake yawan fahimta a karkace. Ƙasashen Shengen 29 ne yanzu, kuma a wajen ƙidayar kwana tamkar ƙasa ɗaya suke. A kowace rana jami'i zai waiwaya kwana 180 baya ya ƙirga nawa ka yi a ciki, kada su wuce 90. Ranar shiga da ranar fita duk suna cikin ƙidaya. Fita zuwa Sabiya ko Maroko na mako guda ba ya mayar da lissafi sifili, dakatar da shi kawai yake yi. Kuma wanda bizarsa ta ce kwana 30, kwana 30 ke gare shi, ba 90 ba. Tun Oktoban 2025 aka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a kan iyakokin, kwamfuta ce take ƙidayar, babu zancen jami'i bai lura da hatimi ba.

Wuce wa'adi ba ƙaramin abu ba ne. A Tailan tarar baht 500 ce a kowace rana har zuwa 20,000, idan ya yi tsawo a haɗa da hana shiga na shekaru. Abin da ya fi tarar ciwo shi ne tambayar da ke kan takardun biza na wasu ƙasashe: ka taɓa wuce wa'adi a wata ƙasa? Akwai kuma biza mai sauƙaƙa lissafi, irin ta yawon buɗe ido ta gabashin Afirka, dala 100, kwana 90, ta haɗa Kenya da Yuganda da Ruwanda.

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida a ranar shiga kowace ƙasa, da shafuka marasa hatimi. Wasu bizoji shafi guda suke cinyewa, fasfo mai shafi 32 yana iya cika kafin shekara.

Dole ne in nuna tikitin fita?

Sau da yawa, kuma ba jami'in shige da fice ne yake fara tambaya ba, ma'aikacin kamfanin jirgi ne a wurin awon kaya. Idan ƙasa ta ƙi karɓar fasinja, kamfanin ne zai mayar da shi kuma a ci shi tara, shi ya sa suke tsanantawa. Mafita ita ce tikiti mafi araha zuwa ƙasa ta gaba, ko wanda ake iya sokewa a karɓi kuɗi. Tikitin jabu da aka haɗa a kwamfuta kada a kusance shi. Lambar tikiti a minti ɗaya ake duba ta.

Jirage masu araha suna da araha da gaske?

Idan jakarka ƙarama ce. Kuɗin da aka tallata na kujera ne kawai. Kamfanoni irin AirAsia suna ba da kilo 7 na kayan hannu, Ryanair kuwa ƙaramar jakar da za ta shiga ƙarƙashin kujera ce kyauta. Kayan da aka biya a ƙofar shiga jirgi sun fi wanda aka biya a intanet tsada nesa ba kusa ba. A duba filin jirgin ma: Beauvais da ake kira na Paris kusan kilomita 85 yake daga birnin, Hahn kuwa ya fi kilomita 100 daga Frankfurt, kuɗin motar yana iya kamo kuɗin tikitin.

Haɗarin da ya fi girma shi ne haɗa tikiti biyu na kamfanoni daban. Idan na farko ya makara, na biyu ba ruwansa, tikitin ya ƙone. Kuma don a karɓi jaka a sake auna ta, sai an bi ta shige da fice, wato sai da bizar ƙasar da aka yada zango. Wasu fasfuna ma ko zama a cikin filin jirgi a Ingila ko Jamus sai da bizar wucewa.

Motar dare tana rage kuɗin ɗaki na kwana ɗaya, gaskiya ne. Amma ana sauka ƙarfe biyar na asuba, ɗaki ba ya samuwa sai biyu na rana, yinin kuma ya tafi a gyangyaɗi. Sau ɗaya a mako ta isa. A ɗauki rigar sanyi, don na'urar sanyaya motar ba ta da tausayi, kuɗi da fasfo kuma su kwana a jiki.

Wane irin masauki ya fi dacewa?

Mutum ɗaya, gado a ɗakin haɗaka. Mutum biyu, ɗaki na kansu a ƙaramin gidan baƙi yakan zo daidai da kuɗin gado biyu. Abin dubawa kafin a biya: akwai kicin, akwai akwatin ajiya mai kullewa, akwai soket kusa da gado, kuma nisan wurin daga tsakiyar gari. Kwaɗon kulle akwatin, naka za ka zo da shi. Ɗakin mutum huɗu ko shida ya cancanci ƙarin dala biyu a kan na mutum goma sha shida, inda kullum akwai mai minshari, da mai haɗa kaya cikin leda ƙarfe huɗu na dare.

A biya kwana biyu tukuna, idan wuri ya yi, a nemi mai shi kai tsaye a yi ciniki. Shafukan da ake kama ɗaki ta kansu suna karɓar kamasho mai kauri daga hannunsa, don haka yana da inda zai rage.

Kafin a ajiye jaka a kan gado, a ɗaga zanin a duba ɗinkin katifa ta wajen kai. Ɗigo-ɗigon baƙi kamar na biro alamar kuɗin cizo ce. Idan sun shiga kaya, wanki a ruwa mai zafin digiri 60 da busarwa a inji mai zafi ne maganinsu.

Yaya zan riƙe kuɗi?

Kati biyu daga banki biyu, ɗaya Visa ɗaya Mastercard, kuma kada su kwana a wuri ɗaya. Kafin a tashi a tambayi banki abu uku: iyakar abin da katin zai iya kashewa a waje a wata, kason da suke cira a canji, da yadda lambar tabbatarwa za ta iso. Na ukun ne yake jefa mutane cikin wahala. Banki ya turo lamba zuwa layin gida, layin kuma yana cikin jaka ba ya aiki, ko kamfanin waya ya rufe shi don an daɗe ba a yi amfani da shi ba.

Idan na'urar cirar kuɗi ko ta kanti ta tambaya ko a caje ka da kuɗin ƙasarku ko na ƙasar da kake, zaɓi na ƙasar da kake. Ɗayan zaɓin yana ba mai na'urar damar yanka farashin canji da kansa, kuma ba ya yankawa don amfaninka. Inda ake cajin kuɗi tsayayye a kowace cira, a ciri da yawa lokaci ɗaya. Bankunan Tailan suna karɓar sama da baht 200 daga katin waje. Idan 220 ne, a kan baht 2,000 ya zama kashi 11 cikin ɗari, a kan 20,000 kuwa kashi ɗaya da ɗan ɗoriya.

A riƙe dala 200 zuwa 300 a ɓoye, sabbin takardu marasa yagewa ko rubutu, domin 'yan canji a ƙasashe da dama suna ƙin tsofaffi, wasu kan iyakoki kuma tsabar dala kawai suke karɓa a kuɗin biza. Wanda ya ɗauki yuro 10,000 ko fiye zuwa Tarayyar Turai dole ya bayyana wa kwastan.

Inshora ba asarar kuɗi ba ce?

Ba don zazzaɓi da gudawa ake sayenta ba, waɗannan aljihu yana iya ɗauka. Don karaya ce da tiyata da ɗaukar majinyaci a jirgi zuwa babban asibiti, abin da yake kaiwa dubban daloli masu yawa. A karanta abin da ba ta biya. Haɗarin babur ba a biya idan ba ka da lasisin babur ko ba ka sa hular kwano ba, kuma hayar babur a tsibiri ba tare da lasisi ba kuskure ne da ake yawan yi. Ciwon da kake da shi tun gida ba a biya idan ba ka faɗa ba. Hawan dutse yana da iyakar tsawo. Sata sai da takardar 'yan sanda, galibi cikin awa 24, da rasit na kayan. Inshora da yawa kuma tana da iyakar kwanakin tafiya ɗaya, wasu ba sa sayarwa ga wanda ya riga ya bar gida.

Lafiya fa?

A ga likita mako shida zuwa takwas kafin tashi, don wasu allurai ba sau ɗaya ake yi ba. Katin rigakafin cutar shawara yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 na har abada ne a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙasashe da yawa suna nemansa daga wanda ya fito ko ya ratsa ta inda cutar take.

Gudawa kusan kowa sai ta same shi. Abin tsoro a cikinta ƙarewar ruwan jiki ne. Idan babu ƙunshin gishiri da sukari na kemis, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jini a bayan gida ko zazzaɓi mai zafi, asibiti. A inda zazzaɓin dengi yake, a sha farasitamol, a guji asfirin da ibuprofen domin suna ƙara haɗarin zubar jini, sauronsa kuma da rana yake cizo. Cizon kare ko biri, a wanke da sabulu da ruwa minti 15 a nufi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Ciwon tsauni, wanda ƙarancin iskar shaƙa a wuri mai tsawo yake kawowa, yana farawa daga tsawon mita 2,500. Birnin La Paz a Bolibiya yana kusan mita 3,600, Cusco a Peru kusan 3,400, wanda ya sauka da jirgi ya ba jikinsa kwana biyu.

Magungunan da kake sha su zauna cikin kwalinsu tare da takardar likita. Tiramadol da kodin sun kai matafiya gidan yari a Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Me zan ɗauka?

Jakar goyo mai lita 40, kayan mako guda, sauran wanki ne. Takalmi biyu, tawul mai saurin bushewa, kan soket mai shiga kowace ƙasa. Batirin ajiye caji a jakar hannu kawai yake shiga jirgi, kuma kada ya wuce 100Wh, kimanin 27,000mAh. Abin da aka ɗauka don "ko da za a buƙata" shi ake bari a masauki na uku.

Zan iya yin aiki a hanya in rage kashe kuɗi?

Da bizar yawon buɗe ido, a yawancin ƙasashe a'a. Shafuka irin Workaway da WWOOF suna haɗa matafiyi da mai gida ko gona, a yi kamar awa biyar a rana a samu kwana da abinci. Sai dai ƙasashe da dama suna ɗaukar wannan a matsayin aiki ko da ba a biya ko sisi ba, kuma an sha juya mutane daga filin jirgi saboda sun ce sun zo taimako. Bizar hutu da aiki ta Ostareliya da Niyu Zilan ta matasa ce 'yan wasu ƙasashe ƙidayayyu. Bizar masu aiki ta intanet, wadda Estoniya ta fara bayarwa a 2020, Fotugal da Sifen suka biyo baya, tana neman shaidar albashi mai tsoka duk wata. Ba don mai ƙaramin guzuri aka yi ta ba.

Idan fasfo ya ɓace?

Ofishin 'yan sanda a karɓi takarda, sannan ofishin jakadancin ƙasarku. Abin da suka fi bayarwa da wuri takardar gaggawa ce ta komawa gida, ba ta ci gaba da yawo ba, kuma bizojin da ke tsohon fasfon sun tafi da shi. Ba kowace ƙasa take da jakada a ko'ina ba, wani lokaci mafi kusa yana wata ƙasar. Hoton fasfo da na biza a imel, kwafi a takarda, da ƙananan hotuna huɗu suna rage kwanakin jira.

Mace ita kaɗai za ta iya?

Mata da yawa suna yi, amma kasafinki ya ɗan fi na namiji. Ki sa kuɗin tasi idan dare ya yi, da na ɗakin mata zalla, da na motar da take isa da rana ko da ta fi tsada. Jiragen ƙasa na cikin gari a Alƙahira da Delhi suna da taragon mata. Wani a gida ya san sunan masaukinki na kowane dare.

Ana gajiya da tafiyar?

Ana yi, galibi a wata na biyu ko na uku. Kullum sai an yanke shawarar inda za a kwana, abin da za a ci, motar da za a hau, wanda za a yarda da shi. Abokan da aka yi jiya sun tashi yau. Alamar ita ce mutum ya isa wurin da ya daɗe yana burin gani, ya ji ba abin da yake so sai ya kwanta yana latsa waya. Gajiyayye kuma shi ne mai kashe kuɗi: tasi maimakon motar haya, jirgi maimakon jirgin ƙasa, ɗakin farko da ya gani. A tsaya gari ɗaya kwana goma, a kama ɗaki na mutum ɗaya, a yi girki da wanki, kada a je kallon komai. Wannan ma a sa shi cikin kasafi tun daga gida, sau ɗaya duk wata biyu.

Nawa zan bari na dawowa?

Kuɗin tikitin komawa daga wuri mafi nisa da za ka je, da kuɗin zama na wata biyu zuwa uku, domin albashin farko ba ya zuwa a makon da aka sauka. A ajiye shi a asusun da katinsa ba ya cikin jakar tafiya. Ranar da kuɗin yawo ya ragu zuwa na mako uku, a sayi tikitin gida a ranar, tun kujerun masu araha ba su ƙare ba.